Wa Ke Riƙe Da Sufana? Tarihin Koyon Injiniyancin Jirgin Sama, Daga Filin Sukuwar Kano Zuwa Fadamar Haɗejiya

Yau za mu waiwayi wani fanni da ba kasafai alƙalumanmu ke taɓa shi ba, wato karatun injiniyancin jirgin sama, da yadda ya shigo ƙasar nan, da kuma abin da ya haɗa shi da mu mutanen Haɗejiya da kewayenta.

Duk mai karanta littattafanmu na Hausa ya san jirgin sama ba baƙo ba ne a cikinsu. Alhaji ya sauka daga Dubai, amarya ta tashi zuwa Umara, saurayin tauraruwar labari matuƙin jirgi ne mai fararen kaya. Amma mutumin da ya kwana a ƙarƙashin fiffiken jirgin nan da tocila a hannu yana duba ko wata kusa ta saki, shi ba ma ganinsa. Rashin ganinsa a labari yana da illa a zahiri, domin yaron da ya gama sakandare a Auyo ko Guri ko Kirikasamma da sakamako mai kyau a lissafi ba zai nemi sana'ar da bai taɓa jin labarinta ba.

Jirgi uku, suna ɗaya

Mu fara da kalmar kanta. A bakin kogin Haɗejiya, in ka ce jirgi, masunci kwale-kwalensa zai nuna maka. Wannan shi ne jirgin asali a wurin Bahaushe. Mu muke sassaƙa shi, mu muke toshe shi in ya fara yoyo, kuma uba yana koya wa ɗansa aikin da hannu, ba da dogon bayani ba.

Da Turawa suka kawo layin dogo Kano a 1911, sai aka ara wa sabon abin sunan tsohon, aka ce jirgin ƙasa. Layin ya miƙe daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930, yana kwasar gyaɗa da fatu. Bayan nan aka sake aron sunan a karo na biyu, aka ce jirgin sama. Harshenmu bai sha wata wahala ba wajen karɓar waɗannan baƙi. Inda aka samu giɓi shi ne wajen hannu: jirgin farko mun san cikinsa da bayansa, na biyu da na uku kuwa da masu gyaransu suka zo. Tarihin da za mu bi a yau shi ne na ƙoƙarin cike wannan giɓi.

Masu gyaran keke

Shekarar 1903 sananniya ce a tarihinmu, domin a cikinta ne sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris. Haɗejiya ta tsaya har zuwa Afrilun 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama tare da jarumansa. To, a ƙarshen wannan shekara ta 1903, ranar 17 ga Disamba, a wani tudun rairayi kusa da Kitty Hawk a Amurka, wasu 'yan uwa biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tayar da jirgi mai inji na tsawon daƙiƙa 12, ya yi tafiyar ƙafa 120.

Abin lura gare mu shi ne sana'arsu. Shagon sayar da keke da gyaransa suke da shi a garin Dayton, kuma babu mai digiri a cikinsu. Sai dai ba su tsaya ga ƙwanƙwasa ƙarfe kawai ba. Sun karanta abin da magabata suka rubuta game da tashi a iska, da suka ga alƙaluman da ke cikin littattafan ba su dace da abin da suke gani a fili ba, sai a 1901 suka ƙera wani akwati da fanka ke hura iska a cikinsa, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200, suna aunawa suna rubutawa. Injin kuwa bakaniken shagonsu, Charlie Taylor, shi ya ƙera shi, mai ƙarfin doki 12. Ka ga ke nan tun ranar farko wannan fanni a kan ƙafa biyu ya tsaya, lissafi da hannu. Makarantu daga baya suka biyo: an buɗe ta injiniyancin jirgin sama a Faris a 1909, jami'o'in Amurka kuma suka fara koyar da shi wajen 1914.

Ranar da jirgi ya sauka Kano

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a filin sukuwa na Kano ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga kusa da Alƙahira suka taso, suka ratso Sudan da Cadi. Jirage ne na katako da yadi da waya, masu fiffike biyu sama da ƙasa. Daga 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, filin jirgin Kano ya kama aiki sosai.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya ƙara wa Kano muhimmanci. Da hanyar tekun Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai daga 1940 Ingila ta riƙa loda jiragen yaƙi a cikin akwatuna, ana sauke su a Takoradi da ke Gana ta yanzu. A can ake harhaɗa su, sannan a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, zuwa Hartum har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Wato a gabar Afirka ta Yamma an yi shekaru ana ɗaura fukafukai ana tayar da injuna, kuma a Kano ana duba su ana sha musu mai. Amma aikin da ya faɗo wa 'yan ƙasa galibi shi ne sharar fili, dakon gangunan mai da gadi. Yaƙi ya ƙare, masu sanin suka koma gida da saninsu.

Ba abin mamaki ba ne. Makarantun da mulkin mallaka ya kafa a Arewa buƙatarsa suke biya. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 malamai aka kafa ta don ta horar, sauran makarantun kuma akawu da ma'aikatan En'e suke fitarwa. Ilimin fasaha mai zurfi a makare ya iso: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya a farkon shekarun 1950, wadda ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai cibiyar koyon sana'a ta Kaduna a 1956, wadda ta zama Foliteknik ta Kaduna a 1968.

Zariya da Kaduna

Shekarar 1964 ita ce mafarin labarin namu na gida. A cikinta aka kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya da taimakon ƙwararru daga Jamus ta Yamma. A cikinta kuma aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan jiragen sama a Zariya, da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da sufurin sama ta duniya. Ita ce yau ake kira NCAT. Mutane da yawa makarantar matuƙa kawai suka ɗauke ta, alhali kuwa tana horar da masu ba jirage hanya daga hasumiya, da injiniyoyin na'urorin sadarwa, da injiniyoyin gyaran jirgi, waɗanda suke koyon gangar jiki da inji da kuma wayoyi da na'urorin lantarki na cikin jirgi.

Ba a daɗe ba ƙasar ta gane wata matsala da ta shafi duk fannonin injiniya: ɗalibai suna fitowa da takardu, amma masana'antu suna kukan cewa ba su iya aiki ba. Wannan ne ya sa Asusun Horar da Ma'aikata, wanda aka kafa a 1971, ya fito da shirin SIWES a 1973, wato tura ɗalibi ma'aikata ya yi watanni yana sanin makamar aiki kafin ya gama karatu. Duk wanda ya bi ta foliteknik a cikinmu ya san ɗan littafin nan da ake cikewa kullum, mai gidan aiki ya sa hannu.

A Kaduna kuma sojan sama suka buɗe makarantar horar da masu fasaha a 1977. Ita ce ta girma ta zama AFIT a 2008, kuma yau tana ba da digirin injiniyancin jiragen sama da sararin samaniya, tana ɗaukar farar hula ta hanyar jarrabawar JAMB. A Kadunan ne aka harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 60 da aka raɗa wa suna Air Beetle, waɗanda aka fara nunawa a 1989. Zanensu na wani kamfanin Amurka ne, amma hannun 'yan ƙasa ya shiga aikin. A Disambar 2013 aka ƙaddamar da jirgi mara matuƙi mai suna Gulma, a Fabrairun 2018 kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Ku dubi sunayen nan biyu. Jiragen leƙen asiri ne, aka nemo musu suna daga cikin Hausa, kuma sunan ya zauna daram.

Duk da haka tafiyar da sauranta. Kamfanin Nigeria Airways da aka kafa a 1958 ya durƙushe a 2003. Kamfanoninmu sun daɗe suna kai jiragensu ƙasashen waje don babban bincike, irin wanda ake kwance jirgi ana duba shi gaɓa-gaɓa, ana biya da dala. Sai wajen 2018 kamfanin Aero Contractors ya fara yi wa Boeing 737 irin wannan bincike a Legas. Ku kwatanta da Habasha. Kamfaninsu an kafa shi a 1945 da taimakon Amurkawa, amma suka sa horar da 'ya'yansu a gaba, har ta kai yau jiragen wasu ƙasashen Afirka Adis Ababa ake kai su gyara. Da mu da su duk mun sayi jirage. Su sun haɗa da sayen sani.

Me ya sa allo kaɗai ba ya isa

Digirin injiniya a Nijeriya shekara 5 ne, kuma sai da lissafi, fiziks, kemistiri da Turanci ake shiga. Ɗalibin wannan fanni yana koyon yadda iska ke bin fiffike har ta ɗaga shi, da yadda inji ke zuƙar iska ya matse ta ya ƙona mai ya fesar da ita ta baya, da ƙarfin kowane irin ƙarfe da iyakar nauyin da zai ɗauka, da yadda ake sarrafa jirgi kada ya kife. Duk wannan ana iya rubuta shi a allo. Amma akwai wani labari da ke nuna iyakar allon.

A 1952 Ingila ta fito da Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet. Manyan injiniyoyi ne suka zana shi, lissafinsu kuma ya nuna yana da ƙarfi. A Janairu da Afrilun 1954 guda biyu suka tarwatse a sama kusa da Italiya, duk mutanen ciki suka mutu. Masu bincike a Farnborough suka ɗauki gangar jikin wani Comet suka tsunduma shi cikin wani ƙaton tankin ruwa, suka riƙa matsa ruwa cikinsa suna sassautawa, sau dubbai, kamar yadda jirgi ke kumbura in ya hau sama ya saki in ya sauko. Daga ƙarshe jikin ya tsage, daga kusurwar wata taga. Abin da ake kira gajiyar ƙarfe ke nan. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san shi. Gani ya kori ji, kuma daga wannan gwaji aka canza yadda ake ƙera jiragen fasinja a duniya.

Shi ya sa a wannan sana'a takardar makaranta daban, lasisi daban. Mai digiri yana iya zane da bincike. Amma wanda zai sa hannu ya ce wannan jirgi ya cancanci tashi, sai ya yi shekaru yana aiki a rumfar jirage ƙarƙashin wanda ya riga shi, ya ci jarrabawar hukumar kula da sufurin sama ta ƙasa, sannan a ba shi izini a kan irin jirgin da ya ƙware a kai. Kowane noti da ma'aunin ɗaurinsa. Kowane kayan aiki ana ƙirga shi kafin a fara da bayan an gama, don kada a manta sufana a cikin inji. Kowane gyara sai an rubuta shi a littafin jirgin. Sa hannun nan rayukan mutum ɗari da ɗoriya ne ke rataye a kansa, ciki har da alhazanmu da ke tashi kowace shekara.

Mu da muka yi difloma mun san yadda ake raba mu da masu digiri a wurin ɗaukar aiki, kamar hannu da kai ba jiki ɗaya suke ba. Mun kuma san ɗakunan gwaji da injunansu suka daɗe a lulluɓe, ana nuna wa ɗalibi daga nesa ana ce masa ya zana. A wasu fannonin ana iya lallaɓawa a haka. A jirgin sama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina ruwan fadama da jirgi?

Wani zai ce, Haɗejiya ƙasar shinkafa da kifi ce, ina ruwanta da wannan? To, mu duba tarihin kogin. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Tun daga nan yanayin gudun ruwan ya canza. Da can ruwa yakan cika da damina ya janye da rani, yanzu kuwa wurare da dama ba sa bushewa duk shekara. Kacala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su. Cikin kacalar nan tsuntsayen jan-baki ke kwana suna hayayyafa, kuma manomi ya san abin da garkensu ke yi wa gonar gero ko shinkafa kafin la'asar. A shekarun da abin ya yi ƙamari, gwamnati takan nemo jirgi ya yi feshi a makwancinsu. Ke nan jirgin sama ya daɗe da shiga lissafin abincinmu, kuma duk ranar da ya makara, rumbu ne ke gaya mana.

Feshin ma ba aikin ganganci ba ne. Dausayin Haɗejiya da Nguru yana cikin wuraren da duniya ta amince a kare, tun da aka sa yankin tafkin Nguru da mashigar Marma cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000, dausayin Baturiya kuma ya biyo a 2008. Tsuntsaye suna ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Maganin da iska ta karkatar yana iya faɗawa kan kifi, ko shanu, ko waɗannan baƙin tsuntsaye. Wane tsayi jirgi zai bi, wane girman ɗigo bututun feshi zai fitar, ta ina iska ke kaɗawa da magariba, duk tambayoyin injiniya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka batun ambaliya, irin wadda ta ci gonaki da gidaje a 2020 da 2022. Ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamara yana iya nuna inda kacala ta toshe ruwa da inda jinga ta fara rauni kafin ta ɓalle. Sayensa ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce samun wanda zai gyara shi in ya faɗo, ya kuma karanta hotunan da ya ɗauko. Ga ƙurar hunturu da ke cin injuna tana hana jirage sauka, ga zafin bazara da ke sa iska ta yi sako-sako har jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Tun 2014 Jigawa ke da filin jirgi a Dutse. Waɗannan duka ayyuka ne da ke jiran hannu.

Kuma hannun akwai shi. Ku je inda ake gyaran injin ban-ruwa ko injin casar shinkafa a Haɗejiya, za ku ga yaro ɗan shekara goma sha biyar yana gane ciwon inji da kunne. A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura a Kano, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. An yi ta mamaki, aka wuce. Irin wannan hazaƙa in ba ta haɗu da lissafi da ɗakin gwaji ba, a ƙafa kaɗan take tsayawa, kamar yadda lissafin da bai haɗu da hannu ba yake tsayawa a takarda. Muna da Foliteknik ta Binyaminu Usman a nan Haɗejiya, da jami'a a Kafin Hausa da Dutse, Zariya da Kaduna kuma tafiyar yini ɗaya ce. Abin da ya rage shi ne yaro ya san hanyar, iyayensa kuma su yarda cewa kayan aiki masu maiƙo ba faɗuwa ba ce.

Namu aikin

A nan ne alƙalami ke da rawar takawa. Magabatanmu sun riga sun share hanya. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don su bayyana kimiyya da Hausa. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya. Ba su jira an ƙirƙiro musu kalmomi ba, sun nemo su a bakin mutane, inda babu kuma suka bayyana abin a sauƙaƙe.

Abu uku muke ba juna shawara a kai. Na farko, in za mu sa jirgi a labari, mu san shi. Matuƙi ba ya buɗe inji a sama ya gyara, kuma injiniya ba ya sa hannu don an roƙe shi. Marubucin da ya san wannan ya samu rikicin labari a kyauta: ga jirgi cike da fasinja, ga mai kamfani yana matsa lamba, ga wata 'yar tsaga da injiniya ya gani a ƙarƙashin fiffike. Na biyu, mu je inda ake aikin. Mu zauna da bakanike da maƙeri da masassaƙin kwale-kwale, mu rubuta sunan da suke kiran kowane kayan aiki, domin yawancin kalmomin da muke nema suna can a gareji. Na uku, mu bar wa 'yan mata wuri a wannan labari. Babu dokar da ta ce wadda ke riƙe da sufana ba za ta zama 'yar Malam Madori ba.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa: a rubuta shafi ɗaya da Hausa zalla, a bayyana wa ɗan aji uku na ƙaramar sakandare dalilin da ya sa ƙarfe mai nauyin tan da yawa yake tashi sama. Wanda ya san wata kalma da makanikan garinsu ke amfani da ita wadda ba ta cikin ƙamus, shi ma ya kawo mana ita, mu tattara. Sai mun ji daga gare ku.